Sunan Ɗan Fari a Bakin Uwa

Shekarar da na ajiye aikin jinya a Magariya, na ɗauka na rabu da hayaniyar mutane ke nan. Na sayi 'yan tumaki, na ce sauran kwanakina tsakanin tabarma da turke zan yi su. Ban ko ƙoshi da hutun ba manjo, shugaban masu jinya na gidan likitar da na bari, ya aiko a kira ni. Wai wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, ya zo da niyyar horar da mutanen karkara yadda za su taimaki samari da 'yan mata masu ciwon rai, irin waɗanda a gida sai dai a ce sun shiga wani hali, a yi shiru. Ana neman tsohuwar hannu wadda ƙauye ke jin bakinta. Na ce masa bakina dai kowa ya san shi, ba zuma yake ɗiga ba. Ya ce ai shi ake so.

Mai koyarwar wani matashin lokotoro ne, wato likita, daga Damagaram, siriri, mai sanyin murya, wanda ya yi karatun abin da ke damun zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi yana da ilimin, ni ina da shekaru da tsawa. Idan ya yi bayani ya cusa Faransanci har ya manta da mu, sai in juya maganar in ɗora ta a kan rijiya ko gona ko kasuwa, mutane su ce, “Au, wannan ne?” An ara mana ajin lakwal, makarantar boko ke nan, don yara suna hutun damina. Manyan mutane masu gemu suka dunƙule a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa tebur. Akwai na Bande, akwai na Mallawa, akwai na Dungas da rugagen da ke tsakani. Tsarin shi ne a zo a yi 'yan kwanaki ana karatu, a koma gida a gwada, a sake dawowa a faɗi abin da aka tarar.

Karatun ba shi da wuya a baki. Ka zauna ƙasa daidai da yaron, kada ka tsaya a kansa. Ka kira sunansa. Ka dube shi. Ka yi tambaya ka rufe bakinka. Abin da ya faɗa maka ya tsaya a wurinka. In ka ga alamar zai cuci kansa, ka tambaye shi kai tsaye, ka kawo shi gidan likita. Wuyar duk tana wajen rufe bakin. Mutanenmu ba su iya ganin mai kuka su bar shi ya gama ba. Kafin yaro ya kai rabin magana an danna masa “ka yi haƙuri” an tashi. Har doka na kafa a ajin: duk wanda ya ce haƙuri kafin abokin gwajinsa ya gama, zai share aji. Wani dattijo daga Mallawa, ladanin unguwarsu, sai da ya san kowace kusurwa ta ɗakin nan da tsintsiya.

A bencin baya wata Bafulatana take zama, daga wata ruga a bayan Bande. Doguwa ce, ba ta kai ni shekaru ba, tana da irin zaman nan na mai tallar nono, baya a miƙe ko babu ƙwarya a ka. An zaɓo ta ne don ta yi yaƙi da jahilci tana iya haɗa baƙi, kuma babu gidan da ba ta shiga a Bande da nononta. Ni kuwa Babarbariya ce gaba da baya, zanen yana fuskata. Tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ranar farko na ce wa ajin su yi hattara da takalmansu, an shigo da Bafulatana. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Wa zai saci takalmi a gaban wadda kaza ta yi tono a huskarta?” Ajin ya fashe da dariya. Daga ranar na san na samu abokiya.

A hutun shayi na wata rana ta same ni ni kaɗai a gindin dalbejiya. Ta zauna, ta juya mini gefe.

“Madam, akwai wani a gidanmu.”

“Wane ne?”

“Wani dai.”

“Namiji ko mace?”

“Mai sanda ne.”

Na dubi yadda take murza bakin zanenta tana kallon wani wuri daban, na gane. Na ce, “Na fari ne?” Ta ja mayafi ta rufe baki. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ba ya bukatar ƙarin bayani. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Mu ma muna da wannan kunyar, mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Amma ta Fulani ta fi tamu kauri. Tun ana yaye shi ake miƙa shi ga kaka, ita ce mai kiran sunansa, ita ce mai tsokanarsa, ita yake kai wa kukansa. Uwar kuwa ko Inna ba ya ce mata, Adda yake ce mata kamar wata yayarsa.

A hankali, tana magana kamar labarin maƙwabta take ba ni, ta faɗa mini abin da ya faru. Saurayi ne ya haura ashirin kaɗan. Da rani ya bi ciyawa kudu da shanun gidan, ya tsallaka iyaka kamar yadda ake yi kowace shekara. Ɓarayin shanu suka tare su a daji, suka ɗaure shi a jikin itace, suka kora garken yana kallo. Ya dawo a ƙasa, daga shi sai sandarsa. Da ya iso ruga ya nufi bukkar kakarsa, ya tarar an kwance ta. Tsohuwar ta rasu yana can, ba a samu hanyar gaya masa ba. Tun daga nan yake zaune a gindin wani gawo kusa da inda ake ɗaure maruƙa. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya gyara gashinsa, ba ya shiga cikin samari. An yi rubutu an yi turare. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ƙwaya yake sha a ɓoye. Ita kuwa abin da take iya yi kawai shi ne ta dama fura ta ba ƙanwarsa ta kai masa, ta tsaya daga bayan zana tana leƙen ko ya sha.

“Don shi na zo,” in ji ta. “Tsohuwa ta tahi da bakinta. Ni ina da baki amma ba nashi ba ne.”

Na kai maganar ga lokotoro ba tare da na nuna wace ce ba. Yaron kirki ne, bai yi mata wasa ba. Washegari ya tsaya gaban aji ya ce wannan aikin ba a yi wa ɗan cikinka, in naka ne ka nemo wani ya yi maka. Ya maimaita, ni ma na maimaita da Hausar da ko jariri zai ji. Ta gyaɗa kai tare da kowa. Sannan muka yi shawara ni da shi cewa ni zan riƙa zuwa rugar, tunda ni baƙuwa ce, tsohuwa, kuma Babarbariya, babu kunyar da ta shiga tsakanina da yaron.

Haka na fara hawa kabu-kabu, babur ɗin haya, da tsufana. Hanyar Bande da damina ba ta ragwanta wa ƙugu, daga bakin kwalta kuma sai rairayi da gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Zuwan farko na same shi yadda ta faɗa, ya jingina da gawo, sandar a kan cinyarsa, ido ya faɗa. Na shimfiɗa zanena na zauna. Na kira sunansa na gaishe shi, ya amsa da “lahiya lau” irin wadda babu komai a cikinta. Na zauna har inuwa ta matsa, ban ce masa ya yi haƙuri ba, ko da yake kalmar ta yi ta yi mini ƙaiƙayi a harshe. Da zan tashi na ce, “Na ji an ce akwai Bahillacen da ba shi da aiki. Ina da gona, bawa nike nema.” Maganar tana fita na gane na taka inda ke ciwo. Ya ɗago ya dubi fuskata sosai, ya ga zanen Barebari.

Zuwa na gaba shi ya fara. Ina sauka daga babur ya ce, “Baiwar kakana, kin zo da hatsin ubangijinki?” Wallahi sai da na ji hawaye ya taho mini, na mayar da shi na zage shi tas. Daga nan abin ya riƙa buɗewa kaɗan kaɗan. Ba kullum ba. Wata rana mu yi zaman kurame in koma gida da ciwon baya kawai. Wata rana ya ce ba ya barci, da ya rufe ido sai ya ji kukan wata saniyarsa mai farin goshi, wadda ta yi ta waiwayensa ana kora ta. Ya ce igiyar da aka ɗaure shi da ita tasa ce, shi ya tufka ta da hannunsa. Na tambaye shi kai tsaye, kamar yadda muke koyarwa, ko yana tunanin raba kansa da duniya. Ya ce tunanin yakan zo, amma yakan wuce. Na ce zan kawo lokotoro ya gan shi, ya ce in bari a yi girbi tukuna, ba ya so a ga mota a rugarsu a ce ta mahaukaci ce. Lokotoro ya yarda a jira, da sharaɗin kada in yanke zuwa.

Wata rana muna zaune uwar ta fito daga bukka da ƙwarya, ta ratsa ta can nesa, fuskarta a juye kamar babu kowa a gindin gawon. Ya bi ta da ido har ta ɓace. Sai ya ce mini, da murya ƙasa ƙasa, kowa a rugar nan ya canza masa. Baffansa, wato mahaifinsa, da ya saba yi masa faɗa, yanzu lallaɓa shi yake yi. Ƙannensa sun daina neman rigima da shi. An kwashe wuƙaƙe da igiyoyi an ɓoye, suna zaton bai lura ba. Samari in sun zo sai su yi masa magana a hankali kamar mai jinya.

“Adda ce kaɗai ba ta canza ba,” ya ce. “Har yau ba ta dubana. In na ga ta kauda kai, sai in ce ashe da saurana.”

Ya ce kada in faɗa wa kowa. Na yi alkawari, don abin da nake tsawa a kansa a aji ke nan.

A can aji kuwa Bafulatanata ta zama tauraruwa. Ita da ko gwaji aka sa ta sai ta fuskanci bango, ta koyi zama gaban mutum ta dube shi. Kuma Allah ya ba ta abin da ladan bai samu ba, ta iya shiru. A Bande akwai wata yarinya da ta faɗi jarrabawar burebe karo na biyu, ta shige ɗaki ta daina ci, uwar tana cewa shagwaɓa ce. Bafulatana ta shiga da tallar nono, ta ajiye ƙwarya, ta zauna a ƙasa, ta kira sunan yarinyar ta ce, “Gaya mini.” Yarinyar ta yi kuka har ta jiƙa mata zane. Bayan 'yan zuwa ta fara cin abinci, ta fito tsakar gida. Da aka dawo aji Bafulatana ta ba da labarin, lokotoro ya sa aka tafa mata. Na ga idonta yana ƙyalli, kuma a nan ne tsoro ya kama ni.

Ta same ni a gindin dalbejiyarmu. “Madam, abin nan yana ci. Sunan kawai na kira, yarinya ta narke.”

Na san inda ta dosa. Na ce, “Ke, saurara. Wancan na gida ki bar mini shi. Kada ki canza mishi komi. Yadda kike kauda kai, ki ci gaba da kaudawa. Kunyar nan taki ita ce maganin da yake sha.”

Ta kwashe da dariya. Ta ce, “Kai, Barebari! Da can kin ce Hilani kunya za ta kashe mu, yau kuma ta zama magani?”

Gaskiyarta, na sha faɗin haka. Tun farkon horon nake tsokanarta cewa Bafulatani zai mutu da yunwa a gaban tuwo don kada a ga bakinsa yana motsi. Na ɓata fuska na ce ba wasa nake ba. Ta ce ai duk Babarbare in zai yi ƙarya haka yake farawa. Na rantse mata. Ta ce to, ta ji, tana share hawayen dariya. Da zan iya cewa, ga abin da ɗanki ya faɗa mini da bakinsa, da magana ta ƙare a wurin. Amma na yi masa alkawari, kuma yaron da aka kwashe wa komai, amanar nan ce kaɗai ya ba wani ajiya. Na so in nemi izninsa in na koma. Na yi zaton akwai lokaci. Wasan da ya buɗe mini bakin ɗan shi ya toshe mini kunnen uwar, ban kuwa ga haka ba sai daga baya.

Aka shiga girbi, aka dakatar da aji don kowa na gona. Ni ma zazzaɓi ya kwantar da ni, na yi fashin zuwa rugar. Da muka sake taruwa yara sun koma lakwal, sai a rumfar gidan likita muka zauna. Bafulatana ta zo a makare, ba ta tsokane ni ba, ban tsokane ta ba. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya watse.

Ta ce ta yi ta kallonsa daga bayan zana, ga gero ya shigo, ga samari na ta shirin wasan kaka, shi yana nan inda yake. Ta ce a ranta, 'ya'yan wasu na warkewa a hannuna, nawa yana bushewa ina kallo. Wata safiya bayan an gama tatsar 'yan shanun da dangi suka ara musu, ta dama fura, ƙanwar ta miƙo hannu za ta karɓa, ta ce mata bari. Ta ɗauka da kanta ta nufi gawon. Ta zauna a ƙasa daidai da shi. Ta dube shi a ido, abin da ba ta yi ba tun yana goye. Ta kira sunansa.

“Sai ya waiwaya baya, Madam. Yana neman mai kiran.”

Da ya gane daga bakinta sunan ya fito, ta ce sai ya juyo gare ta. Ta ce masa, kamar yadda ta koya, “Gaya mini abin da ke damunka.” Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, “Adda, har na kai nan?”

Ba ta gane ba da farko. Ni ina ji na gane, na dafe kai. Ita ta kawo masa abu mafi tsada da take da shi, ta tattaka kunyar shekara ashirin don ta kai gare shi. Shi kuwa abin da ya gani daban ne. A iya saninsa, ba a daina jin kunyar mutum sai an fid da rai da shi, sai ya zama wanda hankalinsa ya tafi ko wanda ake shirin yi wa wanka. Mutum guda da ya rage yana ɗaukarsa cikakken namiji ya zo ya zauna a gabansa yana lallashi.

Ta ce ya karɓi furar ya shanye tas, ya yi mata godiya irin ta baƙo. Kwanakin da suka biyo ya tashi ya yi wanka, ya gyara gashinsa, har ya taya su ɗaurin dami. Rugar ta yi murna, ita ma ta yi zaton ta ci nasara. Ranar kasuwar Magariya ya bi 'yan rugar ya zo gari. Da yamma kowa ya koma ban da shi. Wani ya ce ya gan shi a tasha ya shiga motar da ke tsallaka iyaka.

Ban yi mata faɗa ba, ni da faɗa ba ya yi mini wuya. Me zan ce? Abin da na koya mata ta yi, kuma ta yi shi daidai, babu kuskure ko ɗaya a zaman ko a kallon ko a tambayar. A ranar na warware alkawarina na faɗa mata abin da ya ce a gindin gawo, don ba shi da sauran amfani a ɓoye. Ta saurara har na gama. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, “Ashe da gaske kike ran nan.” Ta ɗauki ƙwaryarta.

Yaron yana raye, wannan kam na gode wa Allah. Bayan watanni wani dillalin shanu ya kawo labari ya gan shi a wata kara, kasuwar dabbobi, a Najeriya yana loda shanun mutane a manyan motoci. Na roƙi dillalin ya riƙa duba shi, na ba shi saƙo cewa baiwar kakansa tana nemansa, gona ta yi ciyawa. Yaron ya aiko a ce mini yana gaishe ni. Ko yana barci, ko tunanin nan yana zuwa masa har yanzu, ko akwai wanda yake zama kusa da shi ya yi shiru, ban sani ba. Lokotoro bai taɓa ganinsa ba. Na sha zama ina lissafin cewa da an bar mu ni da shi da zagin juna har bayan girbi, da wataƙila ya yarda an kawo motar. Wataƙila kuma da ya tafi ko da ba a kira sunan ba. Ba ni da hanyar sani, kuma rashin sanin yana cina.

Da aka kawo rukuni na biyu na masu koyo, na ce wa lokotoro kafin a koya wa kowa kiran suna, a fara koya masa tambayar wane ne a gidan yake da bakin magana da yaron, kaka ce, goggo ce, ko taubashi. Ya karɓa da hannu biyu, har ya ce zai kai maganar gaba. Rukunin nan ne na ƙarshe. Furoje ya naɗe tabarmarsa kamar yadda suke yi, lokotoro ya samu canji zuwa wani gari, na koma wajen tumakina. Wasu daga cikin waɗanda muka horar sun watsar, wasu suna yi har yau ba mai biyansu ba mai tambayarsu. Ladan na Mallawa an ce yanzu samari har layi suke yi a ƙofar gidansa.

Ita ma ba ta daina ba. A Bande in yarinya ta shige ɗaki ko saurayi ya daina magana, ita ake aika wa. Bara na je kasuwar Bande sayen harawa na same ta a layin masu nono. Ta tsufa fiye da shekarun da suka wuce. Na ce Fulani har yanzu ana tsarma ruwa a nono? Ta ce ai don Barebari ake tsarmawa, cikinsu bai saba da mai kyau ba. Muka yi dariya, ta matsa mini na zauna a gefen tabarmarta.

Na tambaye ta labarin mai sanda. Ta ce yakan kira wayar ƙanwarsa. Yana tambayar Baffa, yana tambayar ƙanne ɗaya bayan ɗaya, da maruƙan da aka haifa, har da jakin gidan. In zai kashe sai ya ce a gai da mutanen gida. Ita tana zaune a gefe tana ji, ba ya cewa a ba ta, ita ma ba ta miƙa hannu. Ta ce ya aiko wa ƙanwar cewa zai zo da salla, sallar ta wuce, wata ma ta wuce.

“In ya zo,” ta ce, “na san abin da zan yi. Zan kauda kai in wuce shi kamar ban gan shi ba. Na iya wannan.” Ta kore ƙuda daga bakin ƙwarya. “Amma ya riga ya ji, Madam. Ko na kauda kai zai ce lallashi ne.”

Wata mata ta zo sayen nono, ta auna mata, ta rufe da faifai. Da matar ta tafi ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon da ni na koya mata.

“Ke da kika san karatun nan duka. Babu inda aka koya yadda ake maida suna cikin baki?”

Na ce mata babu.